Farautar Hoto a Hanyoyin Arewa: Inda Matafiyan Damina Ke Tsayawa

Ranar Asabar ce cikin watan Agusta, an kwana ana ruwa, gari ya waye da lumshi. A gefen titin Abuja zuwa Kaduna, daf da Madalla, motoci huɗu zuwa biyar sun faka a jere, ƙofofinsu a buɗe. Gajimare ya sauko ya rufe kan Dutsen Zuma, ruwan daren jiya na gangarowa a jikinsa layi-layi.

Wani magidanci cikin farar shadda ya jera 'ya'yansa daga babba zuwa auta, yana ta ja da baya da waya a hannu don dutsen ya fito gaba ɗaya. Uwargida na yi masa magana ya kula da tirelolin da ke wucewa ta bayansa. Can gefe 'yan mata uku na juya fuska suna neman inda haske ya fi faɗowa. Mai gasasshiyar masara da yarinya mai dafaffiyar gyaɗa tuni sun iso, don sun san motar da ta tsaya a nan ba ta tashi sai an yi ciniki.

Bayan minti goma sha biyar kowa ya shige mota. Babu wanda ya taka zuwa gindin dutsen, babu wanda ya tambayi labarinsa. An samu abin da aka zo nema, kuma kafin su kai Tafa hoton ya riga ya zagaya dangi a WhatsApp.

Irin wannan tsayuwa ta zama ruwan dare a 'yan shekarun nan, musamman lokacin dogon hutun makarantu, daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Satumba. Iyalai, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da gungun abokai na haɗa kuɗin mai su zagaya jihohi biyar ko shida cikin mako guda. Da yawansu hoto ne ya zaɓa musu inda za su je. Matsalar ita ce hoto ba ya faɗin watan da aka ɗauke shi, kuma ba ya nuna hanyar da aka bi kafin a kai wurin.

Me ya fito da mutane kan titi?

A da Bahaushe ba ya hawa mota don kallon dutse. Tafiyarsa ta fatauci ce, ko neman ilimi, ko zumunci, ko biki da ta'aziyya. Yawon buɗe ido sai 'yan makaranta da malaminsu, ko Turawan da ke aiki a Kaduna da Kano.

Wayar hannu ce ta fara sauya wannan. Matashi guda ya je magangarar ruwa ya saka bidiyon daƙiƙa talatin a TikTok, kafin sati ya zagayo mutum dubbai sun san da wurin da iyayensu suka shekara arba'in suna wucewa ta gefensa. Sai kuma hotunan kafin aure, waɗanda suka fita daga ɗakin mai hoto suka koma kan duwatsu da bakin madatsun ruwa irin su Tiga.

Aljihu ma ya taka rawa. A watan Mayun 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati. Cikin 2024 ta haura 1,500. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma ta rufe wa 'yan Najeriya ƙofar biza tun ƙarshen 2022, ba ta sake buɗewa ba sai tsakiyar 2024. Masu rufin asirin da suka saba kai iyali Dubai ko Alƙahira sai suka waiwayo gida.

Zagayen da aka fi yi daga Kano yakan bi ta Wudil, Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi da Yankari, ya hau Jos, ya gangara ta Akwanga da Keffi zuwa Abuja, sannan ya dawo ta Kaduna da Zariya. Idan aka haɗa da ratse-ratse, tafiya ce ta kusan kilomita 1,500.

Daga Dala zuwa kabarin Tafawa Balewa

Mutumin Kano kan tsallake abin da ke ƙofar gidansa, amma baƙo ba ya barin birnin bai hau Dutsen Dala ba. Damina ce lokacinsa, domin ruwa ya wanke ƙurar da ke rufe gari a hunturu. Da sassafe ana hango Goron Dutse, hasumiyoyin babban masallaci da rufin tsohon birni tas. Sai dai mai ɗaukar hoto kan karkatar da waya don kada zaizayar ƙasa da sharar da ke gindin dutsen su fito.

A karofin Ƙofar Mata, wanda ake lasafta kafuwarsa daga 1498, ramukan rini sun fi ɗari, amma kaɗan ne ke da baba a cikinsu yanzu. Marinan sun saba da masu zuwa su tsuguna kusa da su, su riƙe zane a ɗauka, su tafi. Wanda ya san ya kamata yakan sayi ko da ƙyalle guda, ko ya ba da na goro.

Birnin Kudu ne wurin da aka fi yi wa rashin adalci a wannan hanya. Motoci na wucewa ta cikin garin da gudu, alhali a Dutsen Mesa, Dutsen Habude da Dutsen Murufu akwai zanen shanu a jikin kogo, cikinsu har da masu dogon ƙaho marasa tozo, irin da ba a kiwo a yankin yanzu. Akwai kuma duwatsun da ke amo idan an buga su. Masu binciken da suka zo a shekarun 1950 sun rubuta cewa amare da ƙawayensu kan je can su yi kiɗa da duwatsun gab da biki. Zanen ya dushe, ba ya fitowa da kyau a waya, shi ya sa bai samu farin jini a intanet ba.

A Bauchi, kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966, wuri ne da gininsa kansa ke ba da labari. Ana shiga ta wani dogon lungu mai duhu, a hankali haske ya riƙa shigowa, har a fito fili marar rufi inda kabarin yake. An buɗe shi a 1979, kuma akwai ɗakin da aka adana wasu kayan marigayin. A nan ma'aikata kan tunatar da baƙi cewa kushewa ce, addu'a ta riga hoto.

Yankari: ga ruwa, ina giwa?

Babu inda hoto ke yaudarar matafiyin damina kamar Yankari.

Gandun dajin na ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Daga Bauchi ana bin titin Gombe, a karya a Dindima zuwa babbar ƙofa da ke Mainamaji, daga nan kuma akwai sauran tafiyar kilomita 40 da ɗoriya cikin daji kafin sansanin Wikki.

Hotunan garken giwaye a bakin kogi da ke yawo a Facebook kusan duk na rani ne. Daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu, idan tafkuna suka ƙafe aka ƙone ciyawa, namun daji ba su da zaɓi sai su gangaro kogin Gaji. A nan ake ganin giwa, ɓauna, gwanki, kanki da dorina cikin sauƙi.

A Agusta kuwa ko'ina ruwa ne, dabba ba ta da dalilin zuwa kogi. Ciyawa ta fi tsayin mutum, wasu hanyoyin cikin dajin sun zama taɓo, ga ƙudan tsando da ke cizo ta cikin riga. Ana iya yin awa biyu a bayan buɗaɗɗiyar motar zagaye a dawo ba a ga komai ba sai gada da tsuntsaye. Yara su yi ta tambaya, “Baba, ina giwar?” Ɗan rakiya kuwa sai dai ya nuna sawu da kashi ya ce da asuba suka wuce.

Giwayen ma ba su da yawa. Ƙiyasin masu kula da su na nuna tsakanin 100 zuwa 150 ne, kuma duk da haka suna cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya. Zaki kuwa wanda ya gan shi ya yi babbar sa'a ko da rani.

Abin da ba ya ba da kunya shi ne maɓuɓɓugar Wikki. Ruwan na fitowa daga ƙarƙashin wani jan dutse, garai-garai har ana ganin farin yashin ƙasa, kuma ɗuminsa na nan a wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Bishiyoyi sun yi masa rumfa. Da hantsi, kafin jama'a su cika shi su tayar da yashi, shi ne lokacin da launinsa ke fitowa a hoto yadda yake a ido.

Sai dai masu gida na nan suna jira. Gwaggon birin Wikki ya san leda, ya san kula, ya san ƙofar da ba a sa wa sakata ba. Mace ta ajiye jaka ta gyara mayafi don a ɗauke ta, kafin ta juya ya sure burodin da ke ciki ya haye rufi yana ci a gabanta. Gadu kuma na kiwo a tsakar sansanin hankali kwance. Wasu baƙin kan miƙa wa birai abinci don su samu hoto na kusa, abin da ma'aikata ke hanawa domin shi ke ƙara musu tsaurin ido.

Manoman ƙauyukan da ke kewaye da gandun ba da idon baƙo suke kallon giwa ba. Idan amfani ya nuna, garke guda na iya shafe gonar masara ko dawa a dare ɗaya. Abin da ɗan birni ya biya kuɗi yana nema bai gani ba, shi manomi ke kwana yana kora da ganga da wuta.

Hawa tudu

Daga Bauchi zuwa Jos ta Toro da Tilden Fulani tafiya ce ta kusan kilomita 130, kuma a nan damina ke biyan matafiyi bashin da ta ci a Yankari. Tuddai sun yi kore shar, iska ta yi sanyi, har sai an nemi rigar sanyi a watan Agusta. Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, tsaunukan Shere kuma sun haura 1,800.

Gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, na ɗauke da gumakan yumɓu na Nok. Kusa da shi akwai filin da aka gina kwaikwayon gine-ginen gargajiya, har da badalar Kano da tsohon masallacin Zariya. A hanyar fita kudu akwai Dutsen Riyom, manyan duwatsu ɗore a kan juna, wanda mutanen Filato ke cewa siffarsa ta yi kama da taswirar jiharsu.

Akwai wani abu da baƙi ke ɗauka tafki ne na halitta, alhali ramukan haƙar kuza ne da kamfanoni suka bari tun zamanin Turawa, ruwa ya cika su. Suna da yawa a Rayfield, Bukuru da Barikin Ladi. Ruwansu kore ne mai ɗaukar ido, amma gaɓarsu a tsaye take, taku biyu daga baki ƙafa ta daina taɓa ƙasa. Sun ci rayuka ba kaɗan ba.

A gindin Hawan Kibo, kimanin kilomita 60 daga Jos, magangarar ruwan Assop take. Gangaren kansa ya yi ƙaurin suna wajen hatsarin manyan motoci, don haka faka mota a kan kwana don ɗaukar hoton kwari ganganci ne, ko da kuwa wasu sun riga sun faka.

Gurara ba sa'ar mai waya ba ce

Daga Zuma, wanda a jihar Neja yake ba Abuja ba kamar yadda mutane da yawa ke zato, ana ratsewa ta titin Suleja zuwa Minna a kai magangarar ruwan Gurara. Tsayin magangarar kimanin mita 30 ne, faɗinta kuma na kaiwa mita 200 idan kogi ya cika.

Gurara biyu ce. Ta rani, daga Janairu zuwa Maris, ruwa kaɗan ne mai haske, da yashi da ƙananan tafkuna a ƙasa inda ake shimfiɗa tabarma. Ta damina kuwa jan ruwa ne mai ruri, ana jin sa tun daga inda ake ajiye mota, feshinsa na jiƙa mutum daga nesa.

Wanda ya ga hoton rani ya zo da damina, yakan nemi ya sauka inda ya ga wasu sun tsaya. Dutsen da ya gani a bushe yanzu gansakuka ta lulluɓe shi. Mai hoton ɗauki-kanka kuma dole ya juya wa ruwa baya, idonsa na kan waya, ƙafarsa na laluben wuri. Samarin ƙauyen da ke yi wa baƙi jagora kan ce, “Oga, kar ka wuce nan,” amma ba kowa ke jin maganar yaron da yake ganin kuɗinsa kawai yake so ba.

Haka abin yake a magangarar ruwan Matsirga kusa da Kafanchan, da Farin Ruwa a Wamba ta jihar Nasarawa, wadda tsayinta ya kai kusan mita 150. Ruwan da aka yi a kan tudu na iya isowa ƙasa cikin ɗan lokaci, ko da a inda kake tsaye rana ake yi.

Abin da ba ya shiga hoto

Kuɗin mai ne farko. Ƙaramar mota za ta sha wajen lita 150 a wannan zagaye. Kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, dubu talatin ta isa. A ƙarshen 2024, da lita ta haura naira dubu, sai an tanadi abin da ya haura dubu 150, ban da masauki, abinci da kuɗin shiga.

Sai hanya. Aikin sake gina titin Abuja zuwa Kano da aka fara a 2018 ya ci shekaru, matafiya na ta fama da karkata hannu da cunkoso. A daminar 2024 ambaliya ta yanke titin Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum. Taswirar waya na iya ce maka awa huɗu, direban tasha ya ce maka shida, kuma shi ne mai gaskiya.

Babban abin shi ne tsaro. Ginin Kajuru, fadar duwatsu da wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980, ya taɓa zama wurin hoto mafi tashe a jihar Kaduna, har zuwa Afrilun 2019 da 'yan bindiga suka kashe baƙi biyu a can. A Agustan 2021 an tare matafiya a hanyar Rukuba da ke Jos aka kashe fiye da 20. Ƙauyukan Riyom, Bokkos da Barikin Ladi sun sha hare-haren da suka ci ɗaruruwan mazauna. Titin Abuja zuwa Kaduna ya yi shekaru yana hannun masu garkuwa da mutane, kuma a baya-bayan nan an sha jin rahoton 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Alkaleri.

Wannan ne ya sa tsofaffin direbobi ke da ƙa'idojinsu: a tashi bayan asuba, a sauka kafin magariba, a tambayi 'yan tasha halin hanya a ranar tafiya, ba a jiya ba. Wasu matafiyan kuma sun koyi jinkirta saka hoto sai sun bar wuri. A shingen sojoji waya aljihu take komawa, kuma jirgi marar matuƙi da masu ɗaukar bidiyo ke yayi yana buƙatar izinin hukuma tun 2016.

Kowa da yadda yake kallon abin

Dattawa da yawa na ganin almubazzaranci ne a ƙona man dubu ɗari don a tsaya gaban dutse, a lokacin da maƙwabci ke neman na masara. Malamai kuma sun daɗe suna sukar hotunan kafin aure, inda saurayi da budurwa ke rungume-rungume tun ba a shafa fatiha ba.

Matasan na da amsarsu. Suna cewa wanda bai taɓa wuce Kwanar Ɗangora ba shi ne ya fi saurin yarda da duk abin da aka faɗa masa game da mutanen Jos ko na Kafanchan, kuma addini ma ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa don lura. Suna da gaskiya, in dai tafiyar ta wuce tsayuwar minti goma a bakin kwalta.

Mazauna wuraren kuwa lissafinsu daban. Baƙo ya zo da abincinsa a kula, da ruwansa a but, ya bar musu ledoji da robobi. Abin da ke shiga hannunsu bai wuce cinikin masara, rake da ɗan abin da aka miƙa wa yaron da ya nuna hanya ba. Sannan ga ɗabi'ar ɗora waya a kan Bafulatana mai tallar nono ko almajiri ba tare da an ce musu ko sannu ba, a kai su intanet da sunan “rayuwar karkara”. Wanda ke yin haka ba zai yarda a yi wa ƙanwarsa ba.

Hukumomi kuma kowace gwamnati da alƙawarinta na farfaɗo da yawon buɗe ido. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandun daji goma na ƙasa, ciki har da Falgore a Kano, Baturiya a Jigawa da Pandam a Filato. Amma abin da iyali mai mata da yara ke nema a magangarar ruwa bai kai haka tsada ba: banɗaki mai tsafta, wurin alwala da salla, ƙarfen kariya a bakin gangare, da allon da ya ce daga nan ba a wucewa. A yawancin wuraren mai karɓar kuɗin ƙofa ne kaɗai ba ya fashi.

Zangon ƙarshe

Kafin a kai Zariya yawanci an gaji, aljihu ya yi sauƙi, direba na lissafin isa Kano da sauran rana. Dutsen Kufena, da ake dangantawa da zamanin Sarauniya Amina, sai dai a hange shi ta taga.

Inda ake tsayawa shi ne ƙofar fadar Zazzau, saboda zanen dagi da launukan da suka ƙawata ta. Taku kaɗan daga nan babban masallacin Juma'a yake, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a wajen shekarun 1830. Daga waje ba za ka gane ba, domin a shekarun 1970 an lulluɓe shi da sabon gini. Tsofaffin ginshiƙan da bakan gizon da ya ɗaure rufin da su suna ciki, kuma masu nazarin gine-gine daga ƙasashe da dama sun yi rubutu a kansu. Mai son ganinsu sai ya cire takalmi, ya nemi izinin masu kula da masallacin, ya kuma kauce wa lokacin salla.